Ƙauyen da Ba Ya Ƙarewa

Daren Laraba a Kaura Namoda,
janareto ya yi tari sau biyu, ya kama.
Babana, tsohon saja Mainasara,
ya jawo kujerar robar da ƙafarta ta sha ɗauri,
ya ce, "Kunno muna ƙauyen Turawan nan."

Shekara goma sha ɗaya muna kallonsa.
Mai binciken a gabanmu ya yi furfura,
mataimakansa sun yi ta sauyawa
kamar kantomomin ƙaramar hukuma,
amma ƙauyen yana nan, kore shar,
ciyawa a aske kamar kan ango,
tsofaffin mata bisa keke da kwandon furanni,
ƙararrawar coci, yayyafi marar fushi,
sai kuma gawa.
Kullum gawa.
Bayan shagon burodi, cikin tsohuwar rijiya,
ko tsakiyar fili
ranar gasar wanda kabewarsa ta fi girma.

"Wanga gari," in ji Baba,
"unguwarmu ta fi shi mutane,
kowane mako an kashe ukku,
kuma har yau ba su rasa mai kawo madara ba!"

Inna Kulu ta leƙo da ludayi a hannu:
"Ku sa ido kan mai murmushin nan,
wadda ta ba ɗan sanda shayi kofi biyu.
Fara'a gidan makoki, akwai magana."
Sau bakwai cikin goma ita ke cankewa,
ita da ba ta jin Turanci ko na gaisuwa.
Baba, mai shekara talatin cikin kaki,
sai ya gyara hula, ya ce ai dama ya sani.

Na daɗe ina zaton dariya ke kawo shi,
da gardamar da suke yi kan wa ya riga wa.

Sai ranar da aka tare hanya,
aka dawo da Ɗan'ige mai goro cikin tabarma,
abokinsa tun suna satar mangwaro.
Rediyo ya ce mutum tara.
Tara kawai ya ce, ya wuce ga farashin taki.
Muka yi jana'iza bayan la'asar, a gurguje,
kowa na duban rana.

Daren nan Baba bai taɓa tuwo ba.
Na ɗauka zai kwanta,
sai na ji: "Kunna."

Na ce, "Baba, yau ma? Kisa bai ishe mu ba?"

Ya daɗe yana duban allon.
Mai binciken ya durƙusa gaban mamaci,
ya cire hula,
ya tambayi sunansa.

"Kin gani?" ya ce.
"Can, mutum guda in ya faɗi,
gari duka sai ya tsaya.
A auna sawu cikin laka,
a ɗauki zaren riga da ɗan hantsaki,
a tambayi mi ya ci, wa ya gaisa da shi ƙarshe.
Awa biyu cur don rai ɗaya.
Kuma kafin a rufe,
wani zai zauna gaban matarsa
ya ce: ga wanda ya yi, ga dalili.
Na san ƙarya ce, ɗiyata.
Bar ni da ita."

Saura kaɗan a tara su a falo a nuna mai laifi,
mai ya ƙare, janareto ya shaƙe.
Duhu ya zauna tare da mu.
Can nesa kare, can nesa babur.

"Ɗan'ige Na-Allah," in ji Baba, a hankali,
kamar mai rubutawa a littafin ofis.
"Ya karya da koko. Ni na gaisa da shi ƙarshe."

Ba wanda ya motsa.
Sai Inna, daga bakin ƙofa, muryarta a dushe:
"Matar likitan ce.
Ku ci tuwon nan kafin ya huce."