Inuwar Rariya a Gwanjo

Da baba ya rasu, kyamararsa muka fara sayarwa,
ta biya mai kanti, ta sayi shinkafar sadakar uku.
Abin da Shagon Hoto Abarshi ya bar min:
kwali shida na takardar wanki, jan ƙwai ɗaya,
da ruwan magani mai warin tsami cikin jarka.
Wa ke zuwa ɗaukar hoto a Tawa yau?
Kowa da nasa mai hoton a aljihu.

Wani dare aka ɗauke wuta ina ɗakin duhu,
rariyar inna a hannuna, ban san me ya kawo ta ba.
Na aje ta bisa takarda,
na ƙyasta ashana ina neman takalmi.
Iyakar aikin ke nan.
Don kada takardar ta tafi a banza na tsoma ta a ruwa,
sai ga farin wata mai zanzana
yana tasowa daga baƙi, sannu,
kamar mai jin kunyar surukai.

Daga nan ban bar komai ya huta ba:
ɓawon albasar Galmi, ƙayar aduwa,
gashin da ya maƙale a mataji,
tabaraun baba mai ido ɗaya.
Ba mai cewa in sake, hancinsa ya yi girma.

Sumana ya zo daga Yamai bikin ƙanwar matarsa,
ya tsaya gaban watan har shayinsa ya huce.
Ya ce, ina fim ɗin? Na ce babu.
Ya ce, to ba shi da na biyu? Na ce ko ni ban iya sakewa.
Jika goma sha biyar ya ƙirga min,
na yi godiya har da rusunawa.

Damina biyu, sai ga saƙo a waya:
wani zaure a ƙasar sanyi,
mutane zaune suna ɗaga allunan lamba kamar mafici,
wani mai guduma yana kiran kuɗi
irin kiran dillalan shanu ranar Lahadi,
sai dai shi ba ƙuda a fuskarsa.
A bayansa, rariyar inna.
Sun rubuta ƙarƙashinta: Marar Suna, Lamba Uku.
Na ƙirga sifirin sau huɗu da ɗan yatsa.

Na kai wa inna tana tsintar wake.
Ta matso da wayar kusa da ido, ta mayar nesa.
Ta ce, wannan ai ta huje tun bara,
dusar akuya nake zubawa ciki.
Ta ce, sun sayi inuwa sun bar mai ita?
Tambaye su, in suna so,
dala ɗari biyu na bari.

Sumana ya kira sau tara, yana son goma irinta.
Kwali biyu suka rage,
gefen takardun ya soma yin rawaya.
Na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma,
ina laluben abin da zan ɗora.
Hannuna ne kawai a kusa.