Tsaya

Asibitin Hargaisa, ɗaki na huɗu,
fanka na juyi kamar an yi mata dole.
Ilwad ungozoma ba ta ce in kwanta ba.
Ta zuba min shayi mai kanumfari,
ta ce, "Hibak, da wane suna kike kiran abin?"

Na ce ban taɓa raɗa masa suna ba.
Ta ce, "To, mu bar shi haka."

Ba ta zagi kakata ba.
Da ta zage ta, da na ɗauki mayafina,
don hannun da ya danne ƙafata waccan asubar
shi ya riƙa ba ni nonon raƙumi a baki
mako biyu, ina kwance a ɗaure.

Sai da shayin ya huce
ta murza tafukanta suka yi ɗumi:
"Duk inda kika ce tsaya, zan tsaya."

Ban yarda ba.
Ko taɓa ni ba ta yi ba, na ce, "Tsaya."

Ta tsaya.
Hannunta a sama, kamar tsuntsun da ya fasa sauka.

Kukan da ya zo min ba na ciwo ba ne.
Ina shekara bakwai na faɗi kalmar nan
har muryata ta dushe,
mata huɗu a ɗaki, ba wadda ta ji.
Shekara ashirin tana tafe a ƙasa,
sai yau ta iso kunnen wata.

Ilwad ta miƙo min hankici.
"Laraba fa? Ba sauri ake ba."

Ta taga, akuya na cin kwali a gindin katanga.
Na ce, "Laraba."