Bayan Ta Bakwai

A shagon ɗab'i na Jekadafari
nake jera dokokin ƙungiyar masu niƙa.
Har bakwai lafiya lau,
sai Jungudo ya ce a sa hoton injin.

Na sa. Ta takwas ta farka
tana kiran kanta ta ɗaya,
kamar ba ta da yayye.

Na buga takwas da hannu,
ta tara ta ce ita ce ta biyu.
Aka ɗauke wuta.

Sai la'asar na kamo bakin zaren:
hoton ne ya yanke zumunci.
Na goya shi a bayan ta bakwai,
kowa ya koma gurbinsa.

Jungudo ya karanta, ya ce,
"Cire ta huɗu, ba mu yarda ba."