Gidan Yalwa Zabiya

A Ƙofar Marusa na sauka,
na tambayi mai rake gidan Yalwa.
Bai ɗago ba, da wuƙa ya nuna:
"Bi lungun nan, inda kika ga sabon fenti."

Ɗari biyu kuɗin shiga.
Da can, in ji Inna, zauren nan ko ƙyaure babu,
mai yunwa ya faɗo, mai neman rance ya faɗo.
Yau wani yaro ne da littafi da biro,
wai in sa suna da gari.
Na rubuta Rafindadi. Ya yi murmushi,
ya ce 'yan gari ba su cika zuwa ba.

Ga ta a bango, gidan rediyon Kaduna.
Ga ta a Maraɗi, an lulluɓe ta da kuɗi.
Ga ta a matakalar jirgi, haƙorin Makka na walƙiya.

Ɗakinta ya sha shara har ta yi yawa.
Gadon ƙarfe mai rumfa, an gitta igiya kada a zauna.
Jeren langa, tandun kwalli,
kaskon turare ko toka babu.
Wace mace ce ta shekara arba'in a nan
ba ta bar ko jan goro a dakali ba?

Yaro ya haddace karatunsa sarai:
wai in ta ɗaga murya a tsakar gida
har gindin Gobarau ake tsayawa.
Na ce to.

Sai ga ƙwarya cikin akwatin gilashi,
da 'yar takarda: Ƙwaryar kiɗan Yalwa.
Na durƙusa.
Tsaguwa ce daga baki, kamu guda,
ɗinki goma sha ɗaya.
Ni na fasa ta, ina da shekara takwas,
ni na kai wa gyartai a bayan kasuwa
ina tafe ina share majina.
Yalwa ba ta taɓa kiɗa ba, ɗana,
mafici ne a hannunta.
Shekara ashirin da biyu Inna na zaune a bayanta,
ƙafa a miƙe, ƙwarya a kife,
in an ba da baiti ta karɓa.

Na koma kan hotunan.
A gefen kowanne akwai kafaɗa,
rabin ɗankwali,
hannu da zobban azurfa, an yanke shi a gwiwa.

Ya kunna kaset.
Muryar Yalwa ta tashi, Allah ya jiƙanta,
ba a yi mata ƙarya ba, har yau tana tsinka jiki.
Sai amshi, mata huɗu,
ɗaya ta riga sauran shigowa da ɗan kaɗan.
Haka take kiranmu cin tuwo,
haka ta riga kowa tashi da asuba,
haka ta riga Yalwa tafiya.

"Hajiya, lafiya?"
Na ce maido shi baya.
Rediyon ba ya juyawa, da biron ya murɗa.
Sau uku.

Da zan fita na karɓi littafin.
Ƙarƙashin sunana na rubuta:
Tabawa, Gwamma, Kande ta Saulawa,
ta huɗun na manta, Allah ya yafe mini.
Ya ce, "Baƙi ne? Suna waje?"
Na ce, 'yan gida ne.

Mai rake na nan inda na bar shi.
Na sayi gaɓa biyu.