Sulhu da Ƙuguna

Ranar Laraba ce, bayan la'asar,
a filin jar ƙasa na bayan ma'aikatar auduga.
Na cilla ƙwallo sama, na gantsare kamar baka,
raket a bisa kaina, idona a kan layi,
sai wani abu ya ce ƙas! can ƙasan baya.

Ƙwallo ta faɗo ta yi gabanta,
tana tsalle ita kaɗai har gindin darbejiya.
Hamajoda na ƙetaren raga yana ƙirga ci,
ya zaci sabon salo ne, ya fashe da dariya.

Shekara arba'in ina zaune a Garwa,
ban san adadin ramukan titi
daga Pumpumre zuwa Yalwa ba.
Ran nan, a bayan ɗan moto,
ƙuguna ya ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya.

Magariba a kujerar roba na yi ta.
Tsofaffin sahun gaba, masu furfura har gira,
suna kai goshi ƙasa, suna miƙewa garau,
ni mai farin takalmi da jakar raket
ina ruku'u da wuya kawai, ina haɗiyar kunya.

Mai ciwo ba ya rasa likitoci.
Gwaggo Dudu ta aiko man kaɗe da citta,
maƙwabci ya ce ƙaho, ya ma kira wanzami,
mai shayi ya ce in ɗaure da tsohon rawani,
matata ta ce maganin a kasuwa yake:
in sayar da raket ɗin, mu zauna lafiya.

Madam Zurmba ta asibiti ba ta da dogon zance.
Ta danna nan, ta danna can, ta ɗaga ƙafata.
Ta ce: gado ba abokinka ba ne, kwana biyu sun isa.
Shimfiɗa tabarma, jawo gwiwa zuwa ƙirji,
yi doro kamar kyanwa, ka sake a hankali.
Ginshiƙin baya a ciki yake, kai kuwa naka tumbi ne.
In ƙafa ta mutu maka, dawo ko da tsakar dare.
Sauran magani, tafiya.

Na shiga tafiya.
Kullum bayan asuba, har gadar Binuwai,
taki-taki kamar mai ɗauke da ƙwai a zani.
A can na ga wata dattijuwa mai sarin kifi,
kwano cike taf, ya kai nauyin yaro.
Ba ta sunkuya ba. Ta durƙusa,
ta rungumo shi jikinta, ta tashi da cinyoyi,
ta wuce ni ɗoɗar kamar gorar kara.
Abin da na biya jaka biyar na ji a ofis,
ga shi kyauta a bakin ruwa da safiya.

Mako bakwai.
Tsumma da ruwan ɗumi, tabarma, ƙirga numfashi.
Wata ran in tashi sakayau,
wata ran ya tashe ni tun kafin ladan,
kamar mai bin bashi da ya san ƙofar gida.
Na daina zaginsa. Na ce: malam, mu yi magana.
Shekara nawa kana ɗauke da ni ban ce sannu ba?
Faɗi haƙƙinka, ni ma in faɗi nawa,
mu raba rana bisa gaskiya.

Jiya na koma.
Na zagaya filin sau uku kafin in taɓa raket.
Hamajoda, da ya san inda ke mini ƙaiƙayi,
ya sako wata gajeruwa dab da raga.
Da can, da na afka mata ko da haƙori.
Na dube ta, ta dube ni,
na bar ta ta mutu a wurin.

Shida da biyu ya ci ni.
Ya tafi yana shela a wurin mai shayi.
Ni kuwa na tsuguna, na kwance igiyar takalmina da kaina,
da isha'i goshina ya taɓa ƙasa,
na daɗe a can,
ba wanda ya ce ƙas daga baya.