Akwatin da Ya Manta Hanya

Wuta ta zo da ƙarfi daren Laraba,
ta daki rautar bene na uku a Kwari.
Kafin asuba ta koma jaririya,
yadda aka zaro ta daga kwali:
suna na kamfani, kalmar sirri ta kamfani,
ba ta san Kano ba, ba ta san kowa ba.

Alhaji Ɗantani ya kira ni ko karyawa ban yi ba:
"Nazifi, injin katina ya ƙi magana.
Ga baƙon Maraɗi da dila shida na atamfa,
kuɗinsa na cikin kati, katin na hannunsa,
motarsa kuma ba ta jiran azahar."

Na jingina tsani, na ɗaga silin.
Ga ta nan cikin yana,
fitilunta na ƙifta ido kore-kore
kamar wadda ba ta yi komai ba.

Ga yadda abin yake, in kana son ji:
duk injin da aka kunna, duk wayar da ta shigo,
sai ta ɗaga murya, wa zai ba ni lamba?
Mai rabon lambar kuwa yana can ƙasa,
ɗakin maigadi, bayan janareta,
kuma irin wannan kira ba ya tsallake katanga.
Sai an sa ɗan aike a tsakani,
ya karɓi roƙon sama ya kai ƙasa,
ya dawo da amsa a tafin hannu.
Aikinta ke nan shekara biyar,
tun ranar da Oga Sagiru ya nuna mata hanya.

Yau ta manta.
Ta naɗa wa kanta rawani tana rabon lambobi,
kowa ta ba shi adireshin gidan da ba a gina ba.

Oga Sagiru ya rasu bara, goma ga azumi.
Bai bar fili ba, bai bar mota ba.
Ya bar mini sukundireba mai jan ƙota
da littafi mai shuɗin bango, ƙusurwarsa a nannaɗe.
Na buɗe shafin da ya rubuta "Ɗantani, sama."
Goma, ɗigo, ashirin, ɗigo, sifiri, ɗigo,
ta ƙarshen kuma shayi ya zuba a kanta.
Ɗaya ce ko bakwai?
Shi bakwai ɗinsa ba ta ɗaura ɗamara,
ɗayarsa kuma takan sa hula.

Hannuna ya shiga aljihu ban aike shi ba.
Lambarsa na nan, ban goge ba.
Na dubi sunan.
Na mayar.

"Yaya dai?" in ji Alhaji daga ƙasan tsani.
Na ce ina zuwa.

Matakala hamsin da huɗu na sauka,
ina kauce wa 'yan dako da ɗaurin shadda.
Ni na zama ɗan aiken yau.
Baba Maikuɗi ya janye tabarmarsa ya ba ni wuri,
na durƙusa gaban tsohon injin na tambaye shi gidansa,
ya ce bakwai.

Na haye da ita a baki kamar yaron cefane,
bakwai, bakwai, kada ta zube a hanya.
Na sauke wa rautar rawanin aro,
na ce ke ba mai rabo ba ce, isarwa ce taki,
ga inda za ki riƙa kai roƙon mutane.
Na canza sunan kamfani, na canza kalmar sirri.
Abin da na sa, ni da ita muka sani.
Na danna ajiya, na riƙe numfashi.

Fitila ta ɗauke. Ta dawo ja. Ta jima a ja.

Sai na ji shi daga ƙasa, ƙirrr,
injin kati na tofo takarda.
Baƙon Maraɗi ya ce madalla,
'yan dako suka fara ɗora dila a ka.

Ban sauko nan take ba.
Na zauna a kan tsani, na ciro biro,
gefen tabon shayin na rubuta bakwai
da rubutuna, na ɗaura mata ɗamara,
saboda yaron da zai gaji littafin.