Numfashi a Cikin Gilashi

Ƙarfe biyar na asuba a Småland,
dare bai ko fara naɗe tabarmarsa ba.
Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a bakin ƙofa.
Ni ne yaron shago, ni ke zuga tanderu,
amma kullum Sixten ya riga ni isowa.

Nakan same shi zaune kan akwatin yashi,
gahawa na tururi a gefensa,
tabarau a karan hanci, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya,
Littafi Mai Tsarki buɗe bisa cinya,
bangon ya ƙone a kusurwa
tun wata shekarar da ba a haife ni ba.

Ba ya karanta da yawa.
Layi huɗu, wata rana biyu.
Sai ya lumshe ido yana tauna su
kamar mai haƙori ɗaya da busasshiyar gurasa.

Wata safiya bakina ya yi ƙaiƙayi.
Na ce, "Maigida, ai mutane ne suka rubuta shi.
Makiyayi, masunci, mai karɓar haraji,
wani ma daga kurkuku, da sarƙa a hannu.
To, ta ina Allah ya shigo?"

Bai ce uffan ba.
Ya sa alama da guntun zaren ulu ja,
ragowar safar da Majvor ba ta gama saƙawa ba
aka kai ta makwancinta bayan coci.
Ya miƙe, ya ɗauki bututu,
ya zura cikin tukunyar wuta,
ya ɗebo narkakken gilashi, zuma mai fushi.

Ya hura.
Kumatu suka cika, jijiyar wuya ta tashi,
dunƙulen ya yi ciki, ya zama tulu.
Ya sake ɗebowa. Wannan kore ne, mai taurin kai,
ya fito da dogon wuya.
Na uku ɗan ƙarami, da ƙwayar iska a gindi,
irin wanda 'yan kasuwa ke turewa gefe.

"To, Elof," ya ce, "yashin daga ina?"
Na ce daga ƙasa.
"Launin fa?"
Na ce kowanne da nasa.
"Wa ya ba su ciki?"

Wuta kaɗai ke magana.

"Ba ka ganin numfashina a cikinsu," ya ce,
"amma ba don shi ba, dutse ka riƙe,
ba ya ɗaukar ruwa, ba ya kashe ƙishin kowa."

Ban yarda ba a ranar. Na ɗaga kafaɗa.
Sai na ce, don kada in faɗi ƙasa banza,
"In haka ne, karatu ɗaya ai ya isa.
Me ya sa kullum?"
Ya nuna bututun hannuna da haɓa.
Gilashina ya sandare ina surutu.
"Mayar da shi wuta," ya ce. "Haka nake."

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Huhunsa ne ya fara gajiya, sannan sauran.
Ya bar mini almakashi, da bashin itace,
da Littafin, zaren nan ja yana inda ya tsaya.

Yanzu ni ke zama kan akwatin.
Ba zan yi ƙarya ba:
akwai safiyar da shafin yashi ne kawai,
sunaye, da lissafin kabilu, da ni mai gyangyaɗi.
Akwai kuma wadda layi guda
zai kama ni a ƙirji, ya juya ni a hankali,
in ji ina laushi, in ji ana buɗe mini ciki.
Ban san wacce za ta zo ba, shi ya sa nake zuwa.

Yau sanyi ya shigo har cikin shago.
Na zuba gahawa a ƙaramin nan mai ƙwayar iska,
na sa yatsa ƙarƙashin layi, na karanta a bayyane.
Kowace kalma ta fita da farin tururi,
ta ɗan tsaya a kan shafin
kafin ta tashi sama.